Tayar baya ta cinye a tsakiya: in ƙara faɗi ko in mayar da irinta?

Mai Jan Babur:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta dame ni kwana biyu, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni hawa. Babur ɗina mai cc 150 ne, shekararsa uku a hannuna. Da shi nake zuwa aiki kullum, hanyar kuma miƙaƙƙiya ce, kwalta tun daga ƙofar gida har ƙofar wurin aiki, da ƙyar za ka ƙirga wurin shan kwana uku a cikinta. Ranar da babu aiki nakan fita da sassafe in sha iska, in yi awa biyu ko uku in dawo.

Yanzu tayar baya ta cinye a tsakiya, ta shafe kamar an goge ta da dutse, amma gefe da gefe zanen yana nan kamar jiya aka sa ta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shan kwana. In na zo kwantar da babur ɗin sai ya turje, ya ƙi, can kuma sai ya faɗa ciki gaba ɗaya. Jiya sai da gabana ya faɗi.

Wani abokin aikina ya ce tunda canji zan yi, in cire taya mai lamba 90/90-18 da ke kai in sa mai faɗin 110, wai ta fi kama ƙasa kuma ta fi cika ido. Ni dai ban sani ba. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, in faɗaɗa ko in mayar da irinta?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar da irinta. Abin da ka ji a kwana ba ƙarancin faɗi ba ne, siffar tayar ce ta lalace. Tayar babur zagayayya ce daga gefe zuwa gefe, kamar bayan ƙwarya, domin babur kwanciya yake yi kafin ya juya. Taka ta cinye a tsakiya, sai ta yi kafaɗa biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. In ka zo kwana, sai babur ya hau kan kafaɗar nan tukuna, shi ne turjiyar da kake ji, yana wuce ta kuma sai ya zube. Duk mai bin miƙaƙƙiyar hanya kullum haka tayarsa take ƙarewa. Sabuwa mai lamba iri ɗaya za ta kawar da wannan tun ranar farko.

Ɗan Hanya:
Baba, da girmanka, amma ni ban yarda ba. Na ƙara wa nawa faɗi bara, wallahi bambancin a fili yake. Babur ya zauna, ya daina rawa, ko birki na taka ina jin ƙasa ta riƙe ni. Gani ya kori ji. Kuma ku dubi manyan babura na tsere, wanne ne yake yawo da siririyar taya?

Tsohon Bakanike:
Ɗan Hanya, tambaya ɗaya zan yi maka. Tayar da ka cire kafin ka sa mai faɗin, sabuwa ce ko cinyayya?

Ɗan Hanya:
Cinyayya ce mana, ai shi ya sa na canza.

Tsohon Bakanike:
To ka ga inda maganar take. Daɗin sabuwar taya ka ji, ka ɗora shi a kan faɗi. Da ka sa sabuwa mai ainihin lambar, da wannan daɗin za ka ji, watakila ma fiye.

Manyan baburan da kake magana, rim ɗinsu ma faɗi gare shi, an ƙera su tare da tayar. Rim yana da nasa awo, in ka duba jikinsa za ka ga an buga lamba kamar 1.85×18 ko 2.15×18, ta farkon faɗinsa ke nan a inci. In ka matsa faffaɗar taya a kan siririn rim, bakinta biyu sai su matso kusa da juna, bayanta ya yi tsini, gefunanta su naɗe ciki ta yadda ba za ka taɓa taka su ba. Wurin da yake taɓa ƙasa ba lallai ya ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa yake yi. Na sha kwance babur in tarar gefen taya ya goge a jikin sarƙa ko a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, har zare ya fara leƙowa, mai shi bai ma sani ba. Akwai rim ɗin da zai karɓi ƙarin mataki ɗaya lafiya lau, ban musa ba. Amma daga 90 a tsallake 100 a dira 110, wannan ba zan sa wa ɗan da na haifa ba.

Mai Lissafi:
Bari in ɗora lissafi a kan abin da Baba ya faɗa, saboda mutane da yawa suna ɗauka faɗin ne kaɗai yake canzawa. A 90/90-18, ta farko faɗin taya ne, milimita 90. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 90 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 81. Ta uku girman rim, inci 18, kusan milimita 457. Ka haɗa rim da gefe biyu, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama milimita 619.

Yanzu sa 110/90-18. Gefenta ya koma 99, tsayin ƙafar ya zama 655. Ƙarin milimita 36 ke nan, kusan kashi 6 cikin ɗari. Ma'anarsa bayan babur ya ɗaga da milimita 18, kuma kamar ka ƙara wa kowace giya tsawo ne. Injin 150 zai ji wannan a jikinsa: tashi zai yi nauyi, hawan tudu da goyo sai ka riƙa saukowa giya, ga nauyin robar da aka ƙara wadda injin zai riƙa juyawa.

Sannan ku riƙa karanta abin da ke biye da lambar. In ka ga 51P, 51 ɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka ne, kilo 195, P kuma iyakar gudunta, kilomita 150 a awa. S na nufin 180, H 210. Kada sabuwar ta gaza abin da littafin babur ɗin ya ce, musamman lambar nauyi, ga mai ɗaukar goyo da kaya.

Ɗan Hanya:
Maganar nauyin tashi kam gaskiya ce, na lura da shi, na ɗauka kafireto ne. Amma duk da haka ni tawa 100 na sa ba 110 ba, kuma babu inda take gogawa, na duba.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, wata biyu ke nan da na sayi nawa. Iska nawa ya kamata a sa? Mai facin da nake zuwa wurinsa yana duba rubutun jikin taya ne ya ba ta har ta kai wannan lambar.

Tsohon Bakanike:
Sabon Shiga, madalla da ka tambaya, domin wannan ya fi maganar faɗi muhimmanci nesa ba kusa ba. Lambar jikin taya iyaka ce, ita ce iskar da ake sa mata in za ta ɗauki mafi nauyin da aka yarje mata. Ba ita ce ta hawan yau da kullum ba. Taka tana cikin littafin babur, kuma yawanci akwai 'yar takarda manne a murfin sarƙa ko a ƙarfen ƙafar baya, an rubuta ta gaba, ta baya, da ta baya in akwai goyo.

Kuma a auna ta taya tana da sanyi, kafin a fita. In ka yi tafiya roba ta ɗumama, iskar ciki ta buɗe, ma'auni zai nuna fiye da gaskiya. Wasu sai su ga haka su rage, washegari da safe taya ta kwana a ƙasa da ƙa'ida. Ku sayi ɗan ma'aunin iska naku na kanku, wanda bai fi alƙalami ba, ku ajiye a ƙarƙashin kujera. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ban da iskar taya. Danna ta da yatsa ko ƙwanƙwasa ta da sifana ba ya gaya maka komai. Taya takan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, a ido tana nan tsaye ƙyam.

In iska ta yi yawa, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa, sai ta cinye da wuri, babur ya riƙa tsalle a kan kowane ɗan dutse. In ta yi kaɗan, gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru, kan babur ya yi nauyi, mai ya riƙa tafiya. Ga masu tub kuma akwai wani haɗarin: taya mai ƙarancin iska tana zamewa a kan rim kaɗan-kaɗan, tana jan tub, har ta tsinke shi daga gindin bawul. Ku riƙa kallon bawul ɗinku. In ya karkace maimakon ya tsaya a miƙe, jan ya fara.

Mai Jan Babur, ina zargin taka iska ta yi mata yawa, bayan miƙaƙƙiyar hanyar. Auna ka gaya mana.

Uwar Biyu:
Sannunku. Ni ƙaramin babur nake hawa, irin mai ƙananan ƙafafu wanda ba a sa masa giya, da shi nake kai yara makaranta in wuce aiki. Abin da zan ce a kan taya ɗaya ne, in rim ɗinka zai karɓi marar tub, kada ka yi jinkiri.

Wanda na fara hawa mai tub ne. Wata rana ina tafe da ƙaramar a gabana, ba gudu nake ba, sai na ji bayan babur ya fara lilo kamar ana jan shi da igiya hagu da dama. Kafin in gane me ke faruwa taya ta zauna a ƙasa gaba ɗaya. Allah ya taimake ni ban damƙe birki ba, na saki totur kawai na bar shi ya rage da kansa har na sa ƙafa. Da na sauka hannuna rawa yake yi, yarinyar ko kuka ba ta yi ba, kallona kawai take. Ƙusa ce 'yar ƙarama, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Na yanzu marar tub ne. Shi ma ya taɓa taka ƙusa, amma sai da na dawo gida ina wanke shi na ga kanta yana ƙyalli a cikin zane. Robar ta riƙe ƙusar, iska tana fita a hankali, har na samu na kai shi wurin gyara da ƙafarsa. Tun daga ranar nake zagaya babur da ido kowace safiya kafin yara su hau.

Tsohon Bakanike:
Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Abin da kika yi shi ne daidai, duk wanda taya ta sace masa yana tafe kada ya cafki birki, ya riƙe kai da kyau ya bar gudu ya mutu. Sai dai in ƙara bayani: rim mai wayoyi yawanci dole sai da tub, domin iska tana bi ta ramukan wayoyin. Masu irinsa, duk ranar da kuka sa sabuwar taya ku sa sabon tub, ku duba robar da ke rufe kawunan wayoyin a cikin rim. Tsohon tub ya riga ya saki, yana naɗewa a ciki, wurin naɗin nan ne yake fashewa. Igiyar roba da ake cusa wa marar tub daga waje kuma ta kai ka gida ce, gyara na sosai daga ciki ake yin sa. Hujin da ke gefen taya ba a yi masa faci, canji ake yi.

Dogon Zango:
Ni ina so in koma kan wani abu da Mai Jan Babur ya faɗa wanda kowa ya tsallake, fitar da yake yi ranar hutu. Domin zaɓin taya daga nan yake farawa. Ba sunan kamfani ake fara tambaya ba, a ina kake hawa, da me kake so ka ji in ka hau.

Roba iri biyu ce a taƙaice. Mai tauri tana daɗewa amma ba ta manne wa kwalta sosai, musamman in ta jiƙe. Mai laushi tana kama ƙasa kamar ƙaya ta kama riga, amma tana ƙarewa da wuri. Babu wadda ta haɗa duka biyun cif-cif. Abin da manyan kamfanoni irin su Michelin da Bridgestone da Pirelli suka yi shi ne haɗa roba biyu a taya ɗaya, mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe, wato daidai matsalar ɗan uwanmu: tsakiya ta jure zuwa aiki, gefe ya riƙe shi a kwana. Sai dai irin waɗannan an fi yin su a lambobin manyan babura, ba lallai ya samu a tasa lambar ba. In bai samu ba, ya nemi tayar kwalta ta sanannen kamfani, mai zanen da ke kore ruwa zuwa gefe.

Abin da nake roƙon mutane su bari shi ne sa taya mai manyan ƙuraje, irin ta shiga daji, a babur ɗin da rayuwarsa duk a kwalta take. Tana da kwarjini a ido, na sani. Amma a kwalta ƙurajen nan lanƙwashewa suke yi, robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, ga gurnani, ga tsawon birki. A yashi da laka ita ce sarauniya, a nan aka yi ta domin ta yi aiki. Wanda hanyarsa rabi kwalta rabi burji, akwai ta tsaka-tsaki dominsa.

Mai Ƙididdigar Mai:
Malam Dogon Zango, ni a nan muka rabu. Yawancinmu babur abin neman abinci ne da zirga-zirga, ba abin wasa ba. Ni tayar da za ta daɗe nake nema, shi ke nan. Ina tafiya a hankali, ban taɓa kwantar da babur a kwana ba, me zan yi da roba mai laushi? Fita yawo haka kawai ma ni ban gane masa ba, ƙona mai ne da cinye taya.

Dogon Zango:
Na fahimce ka, kuma ban raina lissafinka ba. Amma riƙon taya ba don kwana kaɗai ake neman sa ba. Ranar da yaro zai faɗo maka titi, ko mota ta buɗe ƙofa a gabanka, a ranar za ka nemi duk riƙon da tayar gaba take da shi, ko da a 40 kake tafiya. Mafi yawan tsayuwar babur birkin gaba ne yake yin ta, saboda nauyi gaba yake komawa in an taka. In dole sai ka yi tsimi, yi shi a baya, ka bar wa gaba mai kyau. Baya in ta zame sau da yawa akan ceto ta. Gaba in ta tafi, kafin ka yi tunani kana ƙasa.

Maganar yawo kuwa, bari in gaya maka abin da nake samu. Nakan fita gari bai gama wayewa ba, hanya babu kowa, iska da sanyi-sanyinta tana shiga ta wuyan riga. Minti goma na farko a hankali nake tafiya, injin ya ɗumama, taya ta ɗumama. Sai in bar gidaje a baya. Akwai wata hanya da nake bi mai kwana a jere, hagu, dama, hagu, tana bin gindin tudu. Ba gudu nake yi ba, da wuya in wuce 70. In rage tun kafin in shiga, in kai idona can inda kwanar take fita ba gaban taya ba, in ɗan tura hannun dama gaba, babur ya kwanta dama da kansa, in ba shi wuta kaɗan-kaɗan ya miƙe. In taya tana da lafiya, babu wani mataki da kake ji tsakanin tsayuwa da kwanciya, abu ɗaya ne yake gangarawa. A cikin awa biyun nan babu waya, babu hayaniya, babu tunanin komai sai hanya. Ina dawowa gida da kai sakayau.

Kuma a irin wannan fitar nake jin abin da cunkoson ranar aiki yake ɓoye min. Ƙarar boris da ya fara ci, sarƙar da ta saki, birkin da ya fara laushi, duk a shirun safiya nake kama su.

Mai Ƙididdigar Mai:
Maganar tayar gaba ta shige ni, zan duba tawa. Yawon dai na bar muku.

Baban Gida:
Ni na manyanta, na rage hawa, amma bari in ba ku abin da ya same ni, ko wani zai tsira da shi. Na taɓa ajiye babur kusan shekara biyu saboda rashin lafiya. Da na samu sauƙi na fito da shi, aka yi juye, aka sa batir, aka wanke kafireto. Taya kuwa na duba na ga zane cike, na ce ai sabuwa ce. Kwana uku da fara hawa aka yi yayyafi, irin na farko bayan an daɗe ba a yi ruwa ba. Na zo wani shatale-tale a hankali, na ɗan taɓa birkin gaba, ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na ji ƙarar hular kwano a kan kwalta, na ga babur yana tafiya a kwance shi kaɗai. Ƙashin kafaɗata ya tsage, hular ta goge har ta yi fari a gefe ɗaya. Ba don ita ba da wani labarin ake yi.

Da aka kawo babur gida na sa farce a jikin tayar, ko alama bai yi ba, ta bushe kamar itace. A cikin ramukan zanen duk ƙananan tsaga ne, sai ka matso da ido za ka gan su. Zane bai cinye ba, shekaru ne suka cinye robar.

Mai Lissafi:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wannan ita ce lambar da ya kamata kowa ya iya karantawa. A gefen taya akwai dogon rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu, sau da yawa a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta shi da lamba huɗu, in ka ga uku to ta girmi wannan. Michelin suna ba da shawarar in taya ta shekara 5 ana amfani da ita a riƙa kai ta ƙwararre ya duba duk shekara, in ta kai 10 daga ranar ƙira a canza ta ko da zanenta bai taɓu ba. Rana da zafi suna gaggauta bushewar. Ku duba lambar tun a wurin saye, domin taya takan daɗe a ajiye kafin ta zo hannunka.

Zurfin zane kuma akwai alamarsa. Nemi TWI ko ɗan alwatika a kafaɗar taya, ka bi shi zuwa cikin ramin zane, za ka ga ɗan tudu. In saman taya ya zo daidai da shi ta gama aiki. A Ingila doka ta ce babur da ya wuce cc 50 kada zanensa ya gaza milimita 1, a Jamus 1.6. Ni ba na jira ta kai can in lokacin ruwa ya gabato.

Tsohon Bakanike:
Kuma ruwan farko da Baban Gida ya ambata shi ne mafi sharri, domin yana taso da man da ƙurar da suka kwanta a kwalta, bai kai ga wanke su ba. Farin fentin titi, murfin ƙarfe, da wurin da manyan motoci suke tsayawa, ku bi su a miƙe, ba birki ba kwanciya.

Sabon Shiga:
To Baba, sarƙa fa? Wani ya ce in riƙa zuba mata tsohon baƙin mai in an yi juye.

Tsohon Bakanike:
Ya fi a bar ta a bushe, amma ba shi ne daidai ba. Tsohon mai yana ɗauke da gurɓataccen ƙarfe, ga shi tsinkakke, kana fara gudu zai watsu, kuma ina yake sauka? A gefen tayar baya, wurin da za ka kwanta a kai in ka sha kwana. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ka goge, ka sa man sarƙa ko man giya mai kauri kaɗan ta ciki, bayan ka dawo daga tafiya tana da ɗumi, ka share wanda ya yi yawa. In mai 'yan zobban roba ce a tsakanin gaɓoɓi, kada fetur ya taɓa ta.

Sakinta kuma yawancin ƙananan babura tsakanin milimita 20 zuwa 30 ne, amma bi littafinka. Ɗora babur a babban jak, ka juya ƙafa ka nemi inda ta fi ɗaurewa, a nan ake aunawa. Ɗaurarriyar sarƙa ta fi sakakkiya ɓarna, tana cin boris. In za ka ja ta, ka tabbata alamomin hagu da dama sun zo daidai, in ba haka ba ƙafar baya ta karkace, taya ta riƙa cin gefe ɗaya. Ranar canji kuma a canza ta tare da farantanta biyu masu haƙora.

Tunda an taɓo baƙin mai: babur mai giya yawanci kulocinsa a cikin man injin yake wanka. Nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan. Wasu man mota suna da sinadarin ƙara santsi, kuloci sai ya fara zamewa.

Mai Jan Babur:
Jama'a na dawo, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sayi ma'aunin iska kamar yadda Baba ya ce, na auna da safe kafin in fita. Takardar murfin sarƙa ta ce 29 a awon iska na psi a baya in ni kaɗai ne, 33 da goyo. Na tarar da 41. Shekara uku ina yawo a haka, duk wanda ya ba ni iska sai ya cika ta har ta yi tauri, ni kuma ina jin daɗi wai ta ƙoshi.

Na duba rim, 1.85 aka buga, saboda haka maganar 110 ta mutu. Na sa 90/90-18 ta kwalta, da sabon tub, na tsaya a kan mai gyaran har ya daidaita kibiyar jikinta da inda ƙafa take juyawa. Lambar shekararta ta bara ce. Ban kai ga fita doguwar tafiya ba, amma ko a kwanar layinmu na ji turjiyar nan ta tafi.

Sai dai ga wata sabuwa. Na duba ta gaba, ita ce tun wadda babur ya zo da ita, kuma na hannu na saye shi. Lambarta ta nuna ta haura shekara shida. Zane da saura, amma na ga ƙananan tsaga a cikin ramukan, kuma in na shafa ta da tafin hannu ina jin tudu da kwari.

Dogon Zango:
Canza ta kafin fitar hutun nan, kuma in da hali ka sa 'yar uwar ta bayan, kamfani ɗaya samfuri ɗaya, domin tare aka tsara siffarsu. Sannan ka bi su a hankali kilomita 150 zuwa 200 na farko. Sabuwar taya tana da santsi a fuska, ka riƙa ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan har gefunan su goge.

Tsohon Bakanike:
Tudu da kwarin nan aikin birki ne da shekaru, amma in an cire ƙafar ka sa a juya boris da yatsa, a kuma duba ko shokoban gaba suna zubar da mai. In akwai laima a jikin sandunan, gyara su tare, kada su cinye maka sabuwar.

Ɗan Hanya:
Na je na duba nawa rim ɗin, 2.15 ne. Baba, 100 ɗin da na sa ta zauna ke nan, ko in ta cinye in koma 90?

Tsohon Bakanike:
A kan 2.15 za ta zauna. Sauke babur daga jak, ka sa mutum ya zauna a baya, ka duba ko yatsa zai shiga tsakaninta da sarƙa da kuma murfin sama. In ya shiga, hau abinka har ta ƙare, sannan ka gwada 90 sabuwa ka zo ka ba mu labarin wadda ta fi.